Zanen Murja a Bakin Titin Mararaba

Ranar da Nazeefa ta fara shiga shagon Abdulmajeed, firam ta je nema, kuma mai araha. An ce mata a Wuse ana yin mai kyau. Ta je, ta ji farashi, ta yi musu godiya, ta hau mota ta dawo Mararaba, inda ake sayar da abu da niyyar a saya.

Shagon yana bakin babban titi, tsakanin mai facin taya da wata mai sayar da abinci da ake kira Madam Perpetual. Tsawonsa taku huɗu ne. Abdulmajeed yana da digiri a kan tattalin arziki, ya shekara uku yana yawo da takardunsa ma'aikata-ma'aikata ana ce masa ya dawo idan an sa hannu a kasafi, har ya gaji ya koma sana'ar kawunsa. Yanzu shi ke sa wa takardun shaidar wasu firam, kuma yana yi da kyau, ba ya nuna musu hassada.

"Sannu da aiki. Kuna sa wa zanen hannu firam?"

"Muna sa wa komai, Hajiya. Jiya ma rigar ƙwallo na sa wa."

"Ni ba Hajiya ba ce."

"To Allah ya kai ki. Mu gani."

Ta zaro wani ɗan zane daga jaka ta miƙa masa. Ya riƙe shi dab da hancinsa, ya ga ja da ruwan goro da fari an dangwala su nan da can. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Masha Allah," ya ce. "Gobara ce?"

"Ƙanwata ce tana wanke-wanke."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Abdulmajeed ya gode mata. Nazeefa ta karɓi zanen, ta jingine shi a kan tebur, ta ce ya ja baya. Ya ja baya har bayansa ya bugi bango. Sai ga yarinya a tsugune gaban roba, hannunta cikin kumfa, rana ta sauka a wuyanta.

"Ikon Allah. Ina ta ɓuya ɗazu?"

"Tana nan. Irin wannan zanen ba a kusa ake kallonsa ba. Haske ake zanawa, ido ne ke haɗa mutumin."

Ya dubi zanen, ya dubi mai zanen, ya ce firam ɗin zai ɗauki kwana biyar. Aikin awa biyu ne.

Nazeefa ta karanci zane a Zariya, sai gwamnati ta duba ta ga inda ta fi dacewa shi ne sashen ajiye fayil na wata hukuma. Daga takwas zuwa huɗu tana gadin takardun da ba mai nemansu, da yamma ta koma gida ta ɗauki buroshi. Duk zanenta matan gida ne: mai tankaɗe, mai goyo, mai barci a kan tabarma bakinta a buɗe. Daga wannan rana zanen nata suka riƙa buƙatar firam fiye da yadda suka taɓa buƙata.

Madam Perpetual ce ta fara ganewa.

"Oga Majeed, wannan yarinya ya zo kuma. Sau uku wannan sati. Gidansu bango nawa ne?"

"Madam, kwastoma ce."

"Kwastoma ne ka sa turare? Ni ma kwastoma ne, ba ka sa mini."

Wata biyu bayan haka saƙonni suka fara.

"Assalamu alaiki, Mai Fenti. Firam ya gamu tun jiya, amma idan na gaya miki za ki zo ki karɓa ki tafi. Ki ɗauka bai gamu ba."

"Wa alaikas salam, Kafintana. Na ɗauka. Zan zo gobe in duba dalilin jinkiri, kuma zan yi faɗa sosai."

"Ki zo ki yi. Na share benci."

Mahaifinta, Alhaji Ilyasu, mataimakin darakta ne a wata ma'aikata, saura masa shekara guda ya yi ritaya. Ya gina gida can gaba da Mararaba, domin filin cikin Abuja ba na masu rayuwa da albashi ba ne. Matarsa Murja ta rasu shekara shida da suka wuce, bai sake aure ba, bai kuma yarda a tayar da zancenta a gabansa. Mutum ne da bai taɓa cewa a'a ba a rayuwarsa. Abin da yake cewa shi ne a bar shi ya duba.

Da Nazeefa ta kai masa maganar Abdulmajeed, ya cire tabarau.

"Mai firam?"

"Yana da digiri, Abba."

"Kowa yana da digiri, Mamana. A bar ni in duba."

Dalilin dubawar yana da suna, Nababa. Ɗan tsohon ogan Alhaji ne, yana zaune a Maitama a gidan babansa, yana da mota mai sanyi da kamfanin da ba wanda ya san abin da yake yi. Nababa ya fahimci cewa yarinyar ba ta sauraronsa, don haka ya mai da zawarcin kan uban: dabino, turare, gaisuwar Juma'a. Amma Alhaji ba mai tilasta 'ya ba ne. Ya duba na wata uku, ya sa aka binciko asalin Abdulmajeed, ya kira shi sau ɗaya ya yi masa tambayoyi kamar mai neman aiki, daga ƙarshe ya ce ya turo manyansa ranar Asabar ta ƙarshen wata.

Ana saura kwana goma ranar ne Nazeefa ta kawo babban zanen, naɗe cikin zanin gado. Sai da suka kama shi su biyu kafin ya shiga ƙofa.

"Wannan ban taɓa nuna wa kowa ba," ta ce. "Ummana ce, ranar Asabar, a tsohon gidanmu na kwatas. Tana mini kitso a gindin gwaiba. Ga Gwaggo can tana daka, ga ƙanwata ta yi barci. Shekara biyu ina yinsa. A ɗakinmu za mu rataye shi."

Abdulmajeed ya ji kalmar "ɗakinmu" har tafin ƙafarsa. Ya ja baya ya bugi bango. Bai ga komai ba sai kore da shuɗi da ruwan ƙasa.

"Wannan sai taku goma," ta ce tana dariya. "Ka yi haƙuri har mu samu falo."

Ba ta ce masa kada ya fitar da shi waje ba. Bai zo mata a rai cewa abu ne da sai an faɗa ba.

Ya yi masa firam na maɗaci, ya goge, ya shafa man sheƙi, ya gama ranar Lahadi. Kwana huɗu yana aiki a kan zanen surukarsa bai ganta ba. Ranar Litinin da safe abin ya ci ransa. A bangon waje akwai ƙusoshin da yake rataye samfur, sai ya ce minti biyu kawai. Ya rataye shi tsakanin hoton zaki da na wasu ango da amarya, ya ratsa motoci, ya hau dakalin tsakiyar titi, ya juyo.

Sai ga ta. Mace a zaune kan kujera 'yar tsugunno, da ɗaurin ƙirji, ba ɗankwali, tsinken kitso a bakinta, ta karkatar da kai gefe ɗaya, yarinya tsakanin gwiwoyinta. Hasken gwaiba ya zubo mata a kafaɗa. Abdulmajeed ya manta da minti biyu.

Duk wanda ya san Mararaba ranar Litinin da safe ya san cewa mota ba ta tafiya, zama take yi. Dubban ma'aikata ne a jere, ba abin yi sai kallon gefen titi. A cikinsu akwai Alhaji Ilyasu, wanda motarsa ke wurin makaniki, Nababa kuwa ya taso tun daga Maitama don ya ɗauke shi. Gosulo ya ajiye su daidai taku goma daga bangon shagon.

"Baba, dubi abin da ake ratayewa a titi yanzu," in ji Nababa. "Mace ko riga babu. Amma fa wanda ya zana ya iya zaɓe. Dubi kafaɗa."

Alhaji ya duba. Fuskar ba ta fito sosai ba, kuma bai buƙace ta ba. Mace ɗaya ya sani a duniya da ke naɗe ƙafar hagu a ƙarƙashin kujera haka, ta karkatar da kai haka idan tana tsaga.

Ya buɗe ƙofa ya fita. Ya ratsa tsakanin wata bas da mai babur, ya kai hannu ya fizgo zanen. Ƙusar da ke ƙasa ta kama ƙyallen, ta yage shi tun daga kafaɗar Murja har zuwa tabarma. Alhaji ya tuɓe babbar rigarsa a bainar jama'a ya lulluɓe matarsa, ya tsaya daga shi sai 'yar ciki.

Abdulmajeed ya iso a guje.

"Baba, don Allah, minti biyu kawai na..."

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba. Shagon ne ya yi ƙanƙanta, ina so in..."

"Shekara ashirin da huɗu na zauna da matar nan. Ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya bai taɓa ganin gashinta ba. Kai ka nuna wa Abuja da Nasarawa a safiya ɗaya." Muryarsa ba ta tashi ba. "Ka ce wa manyanka su huta ranar Asabar."

Bai koma motar Nababa ba. Ya tsallaka ɗaya hannun, ya tare tasi ya koma gida da zanen. A shekara talatin da huɗu na aiki, ranar ce ta farko da bai sa hannu a rajista ba.

Da yamma Nazeefa ta dawo ta same shi a falo, ba fitila, ba rediyo. Ya gaya mata abin da ya faru cikin jimla uku.

"Wa ya ba ki izini ki zana ta haka?"

Ta durƙusa. "Abba, fuskarta ce ta fara ɓace mini. Hotunan da muke da su duk na biki ne da na fasfo, ta sha gyale tana hararar mai hoto. Ni ba haka na san ta ba. Haka na san ta."

"Ni ma haka na san ta. Shi ya sa ba na kowa ba ne." Ya miƙe. "Zan ƙone shi. Maganar yaron nan kuma an rufe."

Ya shiga ɗakinsa da zanen ya murza makulli.

Nababa bai ɓata lokaci ba. Washegari ya aiko mata da saƙo:

"Nazeefa, na yi baƙin cikin abin da ya faru. Da idona na ga ya rataye shi cikin kayan talla yana kiran masu saye. Irin mutanen nan komai haja ne a wurinsu. Ina nan idan kina buƙatar wanda za ki yi magana da shi."

Ba ta buƙata, amma ta gaskata. Saƙonnin Abdulmajeed suka riƙa shigowa tana karantawa ba ta amsawa.

"Zeefa, na yi laifi, ba ni da bakin kare kaina. Ki ɗaga waya ko zagina ne ki yi."

"Mai Fenti, yau kwana huɗu. Na yanka gilashi uku ba daidai ba. Na sa wa wani takardar shaidarsa a kife, ya biya ya tafi, ni da shi ba wanda ya lura."

"Haskena, ban ce ki yafe ba. Ki ce mini kina cin abinci kawai."

A kwana na tara ta amsa:

"Na ba ka uwata ka riƙe mini kwana huɗu, ka kai ta kasuwa. Kada ka sake kirana Haskena."

Ya karanta a tsaye, ya zauna a kan benci, bai tashi ba har Madam Perpetual ta leƙo ta ga shinkafar da ta kawo masa tun rana ƙudaje sun yi taro a kai.

Ya gwada duk hanyar da ake gwadawa. Ya tura kawunsa, Alhaji ya karɓe shi da shayi ya raka shi har mota ba tare da an kai ga zancen ba. Ya tura limamin unguwa, Alhaji ya ce a bar shi ya duba, da irin muryar da liman ya gane ba za a duba ba. Ya je da kansa ya tsaya a ƙofar gida bayan la'asar, kwana uku a jere. A na ukun Alhaji ya fito zai tafi masallaci, ya amsa sallamarsa cikakkiya har da wa barakatuhu, ya wuce.

Nazeefa kuwa ta daina zane. Kullum ta dawo daga ofis, kafin ta ajiye jaka sai ta zagaya bayan gida inda ake ƙona shara, ta tona tokar da tsinke tana neman guntun katako. Idan maƙwabta suka hura wuta, sai ta fito tsakar gida tana shinshina iska. Ta rame har abokan aikinta, waɗanda ba su taɓa lura da zuwanta ba, suka lura. Ita kanta ba ta san wanne take wa kuka ba, uwar da za a sake binnewa ko mutumin da take jin kunyar har yanzu tana sonsa.

Sati uku bayan haka ta je Mararaba karɓo ƙananan zanenta biyu da suka rage a shagon. Ta zaɓi lokacin sallar azahar don kada su haɗu. Madam Perpetual ce ke riƙe da makulli.

"Ke! Kin zo kashe shi gaba ɗaya? Mutum ya zama kamar sanda."

"Madam, kayana kawai na zo ɗauka. Ya je ya sayar da na wasu."

"Sayar? Wa ya ce sayar? Ni ina nan, ina soya ƙwai. Ya sa hoto a bango, ya gudu tsakiyar titi kamar mahaukaci, ya tsaya yana kallo, yana kuka. Babur saura kaɗan ya kwashe shi. Wani mutum ya tambaya nawa ne, ya ce ba na sayarwa ba, maman matata ne. Matata! Ko sadaki bai biya ba."

Nazeefa ta buɗe shagon. Ta jingina bayanta da bangon ciki, ta taka zuwa ƙofa tana ƙirgawa. Huɗu. Ta zauna a kan bencin ta rufe fuska da mayafi.

A haka ya dawo daga masallaci ya same ta. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba.

"Wawa," ta ce cikin mayafin. "Da ka ce mini kana son ganinta, ai da na kai ka filin makaranta ranar Lahadi."

"Wawa ne ni, Zeefa."

"Ka ganta?"

"Na ganta. Haɓarku ɗaya."

Kukan da take dannewa ya ƙwace. Ya tsuguna nesa da ita, ya rasa inda zai sa hannuwansa, sai ya riƙe zarto.

"Majeed, ba zan aure ka ba sai Abba ya yarda. Ba shi da kowa sai mu. Kuma ba zan auri wani ba. Ka ga inda muka tsaya."

"To mu tsaya nan. Ni dama na saba jira, na yi wa gwamnati shekara uku."

Da ta koma gida ta tarar da kwalin dabinon Nababa a bakin ƙofa, ba a buɗe ba, an rubuta a kai da rubutun Alhaji: "A mayar wa mai shi." Nababa har yau bai san laifinsa ba. Ya tambayi mutane da yawa. Ba wanda ya iya gaya masa cewa kafaɗar da ya yaba ta wace ce.

Wannan bai buɗe wa Abdulmajeed ƙofa ba. Wata guda ya ƙara wucewa. Nazeefa ta roƙi mahaifinta sau biyu, na biyun ta ce idan ya ƙone zanen ya ba ta tokar. Ya ce ta tashi ta ba shi wuri.

Wata Asabar da hantsi Abdulmajeed yana goge gilashi sai inuwa ta rufe ƙofar shagon. Alhaji Ilyasu ne, rungume da wani abu faffaɗa a cikin babbar riga.

"Rufe ƙofar."

Ya rufe.

"Na kai shi bayan gida sau huɗu da ashana," in ji Alhaji, yana kallon bango. "Na je Wuse, na je Garki. Duk wanda na tambaya sai ya ce in buɗe ya gani. Kai ka riga ka yi ɓarnar. Yana gyaruwa?"

"Yana gyaruwa, Baba."

"Amma ba za ka kalle ta ba."

"Ai yagewa daga baya ake gyara ta, Baba. A kife zan yi aikin."

Alhaji da kansa ya kife zanen a kan farin ƙyalle, Abdulmajeed ya juya wa tebur baya har aka ce ya juyo. Ya cire karyayyen firam. Ya ɗauki ɗan hantsaki ya riƙa jawo zaren bakin yagewar ɗaya bayan ɗaya yana haɗa kowanne da ɗan'uwansa. Aiki ne na mai haƙuri, tsawon ɗan yatsa yakan ci awa guda. Alhaji ya zauna a kan benci, hannu a kan gwiwa, yana sa ido kamar mai duba ɗan kwangila.

Asabar ta farko ba su yi magana ba. Da la'asar Alhaji ya naɗe kayansa ya tafi. Asabar ta biyu Madam Perpetual ta turo shinkafa faranti biyu ba a tambaye ta ba, Alhaji ya ce ba ya jin yunwa, ya cinye. Can yana kallon hannun Abdulmajeed ya ce:

"Ba ta iya kitso ba, ka sani. Yaran kuka suke yi. Duk Asabar sai an yi rigima a gidan nan, ni ina ɗaki ina karanta jarida ina cewa su rage mini surutu." Ya dubi bayan zanen. "Da na fito na zauna."

Abdulmajeed bai ɗago ba. Ya ci gaba da haɗa zare, a ransa yana addu'ar yagewar ta ƙara tsawo.

Asabar ta uku ya shafa gam, ya ɗora sabon ƙyalle a bayan, ya bi shi da dutsen guga mai ɗumi, ya danne da katako. Da ya huce, ya ajiye kayan aiki ya goge hannu.

"Baba, nan ne iyakar abin da ake yi a kife. Sai an juya an ga ko bakin ya haɗu daidai. Idan ya goce, kafaɗar za ta karkace. Ku ba za ku gane ba sai ya bushe, lokacin kuma ba gyara."

Alhaji ya daɗe yana kallon bayan zanen. A waje masu bas suna kiran Nyanya, Nyanya.

"Kwana nawa gam ɗin ke ba da dama?"

"Irin wannan, idan aka sake ɗumama shi yana sakewa har sati uku."

"Sati uku." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Na tambayi malami. Ban gaya masa dalili ba. Na ce ya lissafa mini mazan da ya halatta su ga kan mace. Ya ce ubanta, ɗanta, ɗan'uwanta, ya yi ta lissafi. Can ƙarshe ya ce da mijin 'yarta, da zarar an ɗaura."

Abdulmajeed ya dafa tebur.

"A ofis, idan ƙaramin ma'aikaci ya yi abu ba da izini ba, kuma abin ba ya warwaruwa, hanya biyu ce. A kore shi, ko a ba shi izinin a rubuta kwanan watan baya. Na gwada korar. 'Yata ta koma tona shara." Ya mai da tabarau. "Ba za a juya shi ba sai an ɗaura. Ka ce wa kawunka shayin nan da ya sha, ya dawo ya faɗi abin da ya kawo shi."

"Baba... Allah ya saka da alheri, Allah ya..."

"Kada ka yi mini kuka a kan zane, ka jiƙa gam."

Ko minti biyar ba a yi da fitarsa ba saƙo ya isa wayar Nazeefa:

"Mai Fenti, ki zauna kafin ki karanta. Abba ya ce sati uku. An ba ni izinin kiranki Haskena ko sai an ɗaura?"

"An ba ka. Da kwanan watan baya ma. Shi ya kira ni tun yana mota, yana ta faɗa wai kada in yi masa kuka a waya."

An ɗaura auren ranar Juma'a, kwana ashirin bayan haka, a masallacin unguwa. Mutanen ma'aikata sun zo, masu shagunan bakin titi sun zo, Madam Perpetual ta zo da gwaggwaron da ya tare wa mata uku kallo, tana gaya wa kowa cewa ita ta haɗa.

Da jama'a suka ragu bayan la'asar, Alhaji ya aika a kira ango da amarya cikin gida. Ya sa aka rufe ƙofar tsakar gida. Zanen yana jingine da bango, fuskarsa a ciki.

"Juya," ya ce.

Abdulmajeed ya juya shi, ya duba bakin yagewar da yatsa tun daga sama har ƙasa. Ya haɗu. Wani siririn layi ne kawai ya rage, wanda Nazeefa ta ce rabin awa da buroshi ya ishe shi. Alhaji ya ce a bar shi haka, shi ya yi shi.

Suka tsaya su uku a ɗaya gefen tsakar gidan. Murja tana zaune gindin gwaibarta, tsinke a baki, tana fama da kan yarinya.

Alhaji ya gyara murya sau biyu.

"Murja, ga surukinki. Kun haɗu a titi, ba yadda ya kamata ba. Yau ya zo gida."

Abdulmajeed ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa, yadda ake gaida suruka. Nazeefa ta durƙusa kusa da shi, lallen hannunta a kan gwiwa, hawaye na bin kwalliyar da aka ɓata awa uku ana yi. Alhaji ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kansa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin ƙai. Allah ya sa gidanku ya cika da surutu, kai kuma idan ana yi ka ajiye jarida ka fito. Allah ya jiƙan wadda ta haife ta."

"Amin, Abba," suka ce tare.

"Ku tashi ku tafi, mota na jira. Zanen kuwa a ɗakina zai zauna. Mai son gaishe ta ya zo ranar Asabar."